Taƙaitawar shawarwari kan kiyaye kwanan wata wajen shigar da fayil ɗin CSV

Ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawar da aka yi kan yadda kwanan wata ke rikicewa idan an shigar da fayil ɗin CSV (fayil ɗin rubutu mai ɗauke da bayanan tebur, waƙafi na raba su) cikin manhajar Excel ko rumbun bayanai.

1. Kowa ya yarda cewa tushen matsalar shi ne Excel yana fassara kwanan wata bisa saitin ƙasar da ke kan kwamfuta. A Najeriya da Ingila 03/04/2024 na nufin 3 ga Afrilu, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, idan saitin na Amurka ne, fayil ɗin kuma da rana ya fara kafin wata, ranakun da suka wuce 12 ga wata sukan tsaya a matsayin rubutu, sauran kuma a musanya rana da wata ba tare da gargaɗi ba.

2. Kada a buɗe fayil ɗin kai tsaye. A shigar da shi ta Power Query, wato kayan aikin shigo da bayanai na cikin Excel, a zaɓi ƙasar da bayanan suka fito.

3. Mafi yawa sun goyi bayan tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 8601, wato shekara, wata, sannan rana, kamar 2024-04-03, tare da rubuta shekara cikakkiya, domin idan an rubuta shekara da lamba biyu, Excel yakan ɗauki 30 a matsayin 1930.

4. Ra'ayi ya rabu kan rumbun bayanai. Wasu sun ce a fara zuba kwanakin a matsayin rubutu a teburin wucin gadi, sannan a mayar da su kwanan wata da umarnin STR_TO_DATE a MySQL ko to_date a PostgreSQL, waɗanda duk manhajojin rumbun bayanai ne. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne idan tushen fayil ɗin amintacce ne. Ni dai na fi karkata ga na farko, domin asalin rubutun yana nan idan an samu kuskure.