Taƙaitawa: Gina gida a kan tsohuwar bola

Hirar da aka yi kan gina gida a wurin da aka taɓa zubar da shara ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda shara da aka binne ba ta mutu ba. Tana ci gaba da ruɓewa shekaru da dama, tana fitar da iskar methane, wadda ba ta da wari. Idan ta taru a ɗaki rufe ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska, ƙyastin ashana ya isa ta kama. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da wasu ke ji wata iska ce daban, mai guba.

2. A gwada ƙasa da ruwa kafin a sa harsashi. An fi jin tsoron dalma daga tsofaffin batura, musamman ga yara masu wasa a ƙasa suna kai hannu baki.

3. Kada a haƙa rijiya a wurin. Nan ba wanda ya musa.

4. Lokacin haƙa harsashin ginin, a riƙa yayyafa ruwa, leburori su sa takunkumi. Kada a ƙona abin da aka tono.

Inda aka rabu: wasu sun ce a kwashe sharar kaf, wasu suka ce tonon ne ke tayar da gubar, gara a danne da yumɓu mai kauri a sa bututun fitar da iska. Masu ginin kan kududdufan da aka cike a Kano sun ƙara da batun nitsewar ƙasa, bango ya tsage bayan damina biyu. Ni dai wannan ya fi damuna.