Ciwon ƙugu a wurin masu renon dashe da gyaran fulawa: me ke aiki, me ba ya yi?

Mai lambun dashe, Kano: Salamu alaikum. Tambaya ce ga duk mai cika ledar dashe da ƙasa, ban-ruwa, shimfiɗa ciyawa ko askin fulawa a gidajen mutane. Da wuya ka ga ɗayanmu da ƙugunsa bai dame shi ba, musamman daga Maris zuwa Mayu da ban-ruwa ke ninkuwa, da farkon damina lokacin kwasar dashe. Ajiye aiki kuwa ba zai yiwu ba. Kowa ya faɗi abin da ake yi a wurinsu, da awo da adadi, don wani ya iya kwaikwaya.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Jigawa: Wa alaikumus salam. Malam, a fara da yadda aka shimfiɗa lambun, domin ba ɗaga nauyi sau ɗaya ke cin ƙugu ba, wuni a duƙe ne. Layin ledoji kada faɗinsa ya wuce mita 1, in ya yi yawa mita 1.2, yadda hannu zai kai ledar tsakiya daga kowane gefe. Masu yin mita 2 don tsimin fili su suka fi kuka, saboda cire ciyawa da ɗaga leda don yanke saiwar da ta huda ƙasa duk a duƙe ake yin su, hannu kuma a miƙe can nesa da jiki. A bar hanya ta santimita 60 tsakanin layi da layi don baro ya shiga.

Cika leda kuma a tashe shi daga ƙasa. Bulo mai inci 9, hawa huɗu a kowane gefe, a ɗora katako ko tsohuwar ƙofa, ya ba da kimanin santimita 90. Gajeren mutum hawa uku da katako mai kauri sun ishe shi. Ma'aunin shi ne saman teburin ya zauna ƙasa da gwiwar hannu da kamar tafi ɗaya. A ajiye bulo ɗaya a ƙasa, a riƙa ɗora ƙafa ana canzawa. A yanko bututun roba mai inci 3 ko 4 a karkace, shi ne cokalin ɗiba, shi ne mazurari. Inda ake kuskure: a gina teburi mai kyau, sannan a riƙa ɗora masa ƙasa cike da kwanon sarki daga ƙasa. An koma gidan jiya ke nan. Rabin shebur ake watsawa, kuma tulin ƙasar ya kasance a gabanka, ba a gefe ba.

Mai ban-ruwa, Kaduna: Baba ya yi gaskiya, amma a wurinmu ruwa ne babban mai laifi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyaka, shi ma sai in kayan na manne da jiki, ba duƙawa, ba murɗawa, ba maimaitawa. Mu kuwa hannu ɗaya muke sa wa jarka, jiki ya karkace. A raba biyu: bokiti biyu masu lita 10 ko 12, ɗaya kowane hannu. Duro kuma a ɗora shi kan bulo, a huda ƙasansa a sa kan famfo da tiyo. Zura rabin jiki cikin duro don kwalfar ruwan ƙarshe ya kwantar da mutane da yawa.

Injin feshi na goyo mai lita 16 in ya cika yana kusan kilo 20. A tsaya a lita 10 ko 12, a cika shi a kan duro ko benci, a juya masa baya a zura kafaɗu biyu. Fizgo shi daga ƙasa da igiya ɗaya shi ke kawo wannan ƙas ɗin da ake ji.

Mai gyaran ciyawa da fulawa, Abuja: Namu na gidajen manya tukwanen siminti ne matsalar. Hajiya za ta ce a mayar da wannan can, tukunya ta fi buhun siminti nauyi. Ba a ɗaga ta. A karkata ta a mirgina a kan gefen gindinta, ko a ɗora kan buhu a ja mutum biyu. Kuma a matsar kafin a ba ta ruwa. Buhun taki mai kilo 50 ko dai mutum biyu, ko a farke shi a inda aka sauke a ɗiba da bokiti.

Baro: nauyi ya taru a kan taya, ba wajen hannu ba. Taya ta sha iska, in jiƙaƙƙiyar ƙasa aka ɗauko rabin baro ya isa, a kan yashi a shimfiɗa katako. Injin yankan ciyawa na rataye a daidaita igiyarsa har faifan ya yi shawagi dab da ƙasa kana tsaye sak, ka riƙa juyawa da ƙafafu. Haka shebur: ƙafa ke juyawa, ba ƙugu ba. Ni dai ina ganin bel ɗin ɗaure ƙugu ma yana taimakawa.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi: Ɗan'uwa, a kan bel ban bi ka ba. Yana sa mutum ya ji ƙarfi ya ɗauki abin da ya fi shi, kuma ba a ga yana hana ciwon ba. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya sun sa bel da jan ƙashin baya da na'ura da magunguna dangin tiramol cikin abin da ba a so a dogara da shi. Abin da suka goyi baya shi ne motsa jiki, tausa, da fahimtar ciwon.

In ya kama: kwanciya kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu, jiki sandarewa yake yi. A riƙa tafiya minti 10 sau uku ko huɗu a rana. Ruwan ɗumi a gora, a naɗe da zane, a ɗora minti 15 zuwa 20. Wurin barci, mai kwanciyar gefe ya sa filo tsakanin gwiwoyi, mai rigingine ya sa a ƙarƙashinsu. Yawancin irin wannan ciwo yana lafawa cikin mako 2 zuwa 6, kuma ba ya bukatar hoto. A koma aiki mara nauyi da wuri, kamar tsinke busassun ganye ko riƙe tiyo, jarka da buhu su jira.

A bakin aiki, duk minti 20 ko 30 na duƙawa a miƙe, a dafa ƙugu da hannu biyu, a lanƙwasa baya a hankali sau 5 zuwa 10. A gida kuma abu uku. A kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, a ɗaga ɗuwawu a ƙirga biyar, sau 10. A yi rarrafe, a miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare, a ƙirga biyar, a canza, sau 8 kowane gefe. A kwanta rubda ciki a tokare da gwiwar hannu minti biyu. Ƙa'ida ɗaya ce: in ciwon yana tattarowa daga ƙafa zuwa tsakiyar baya, a ci gaba, in yana gangarawa ƙafa, a daina.

Masu ban-ruwan asuba, ku lura. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana shan ruwa da dare, da safe a cike yake, bai son duƙawa da nauyi. Sa'ar farko bayan tashi a yi aikin tsaye da tafiya, ɗaukar kaya ya biyo baya.

Mai lambun dashe, Kano: Allah ya saka, Malama. Cire ciyawa fa, tsugunno ya fi ko durƙuso?

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Jigawa: Ba wanda ya fi, wanda ka daɗe a kai shi ne mugu. Gwiwa ɗaya a kan ninkakken buhu ko guntun soso, ɗaya a tsaye ka dafa ta, bayan ɗan lokaci ka canza, ka koma kujera 'yar tsugunno. Hanyoyin tsakanin layi kuwa a sa wa fartanya doguwar ƙota mai kaiwa ƙirji, a yi nomansu a tsaye. Yara na yi wa wannan dariya har sai sun haura arba'in.

Mai harhaɗa magani, Zariya: Ranku ya daɗe, ga ɓangaren da ke kai mutane asibiti ba don bayan ba. Ibuprofen mai miligiram 400, sau uku a rana iyaka, bayan cin abinci, kwana kaɗan. Ba a haɗa shi da diclofenac ko piroxicam, dangi ɗaya ne, haɗa su gyambon ciki yake ninkawa ba sauƙi ba. Mai olsa, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha sai da likita. Ga ku masu aikin rana akwai ƙarin haɗari: jiki ya bushe da zufa, a zuba masa wannan magani, ƙoda ce ke biya. A sha ruwa har fitsari ya yi fari-fari. Da azumi, bayan buɗa-baki da abinci mai nauyi, ba da sahur a kan ruwan shayi ba. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki. Farasitamol shi kaɗai ba ya yi wa ciwon baya abin kirki, kuma kada ya wuce giram 4 a rana.

Haɗin da ake ƙullawa a leda, ƙwaya biyar ko shida ba suna, a guje shi. Sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, yana kumbura fuska, ya tada suga, ya rage ƙarfin ƙashi. Tiramol kuwa ɓoye ciwon yake yi mutum ya ci gaba da ɓarna, daga baya barinsa ya gagara.

Mai ban-ruwa, Kaduna: To ƙaho fa? Kuma dattawanmu cewa suke basir ne ko sanyi.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi: Ƙaho wasu na jin sauƙi na 'yan kwanaki, amma bai canza jarkar da za a ɗauka gobe. Wanda zai yi ya tabbatar wanzami ya buɗe sabuwar reza a gabansa, saboda ciwon hanta. Basir kuwa dubura yake damu. Mai duƙawa sa'a shida a rana ba sai ya nemo wa ƙugunsa wani dalili ba.

Amma akwai wanda ba na jiyya a gida ba ne. Fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, tsakanin cinyoyi da dubura ya mutu, ƙafa ta yi rauni tana jan ƙasa: wannan a ranar ake zuwa asibiti, ko da tsakar dare. Haka wanda ya faɗo daga bishiya ko tsani. Ciwon da ke tare da zazzaɓi, rama da zufan dare yana iya zama tarin fuka da ya shiga ƙashin baya. Jini a fitsari, musamman ga masu shiga kududdufi ɗebo ruwa, a gwada tsargiya da ƙoda. Mai sikila kada ya ɗauka gajiya ce. Wanda kuma ya yi mako 6 ba sauƙi, ya nemi sashen gashin ƙashi na babban asibiti mafi kusa; na Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Ya lura da aikin da ke tada ciwon da wanda ke kwantar da shi kafin ya je, domin ita ce tambayar farko da za a yi masa.