Giris na tsiyaya daga bayan tayar gaba a Land Cruiser 80

Mai_Kuruza: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Land Cruiser 80 ƙirar 1994, mai injin dizal 1HZ, kuma ni nake gyara abata a gida. Kwanan nan wani giris mai ruwa-ruwa yake zubowa daga ƙwallon ƙarfen da ke bayan tayar gaba ta hagu, har ya ɓata cikin tayar. In na karya kwana sosai sai in ji ƙas-ƙas. Motar nan ba na son rabuwa da ita. Me ya lalace?

TsohonBakanike: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, sil ɗin cikin aksul, wato robar da ke tare mai, shi ne ya mutu, man giya ya ratso ya narkar da giris ɗin birfield, wato mahaɗin da ke cikin ƙwallon nan, mai juya tayar ko da an karya kwana. Ƙarar kuwa birfield ɗin ne ya fara cinyewa. Ka kwance ɓangaren gaba ɗaya. Babban notin da ke riƙe boris ɗin taya sai soket mai lamba 54. Ka wanke komai tas, ka duba boris, ka sa sabon sil, ka cika da giris mai moly, wato mai sinadarin molybdenum. Ka yi ɓangarorin biyu lokaci guda, don na dama ma shekarunsu ɗaya.

Hajiya_4x4: Malam, kafin ka ɗaure, duba ɗan bututun numfashin da ke saman aksul. In laka ta toshe shi, iska ce za ta sake tura mai ta sabon sil ɗin. Kuma ka kafa motar kan ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashi da jak kaɗai.

Mai_Kuruza: Na gode, Allah ya saka. Wane mai zan zuba bayan na gama?

TsohonBakanike: Man giya mai lamba 80W-90, ajin GL-5. Zuba a aksul ɗin har ya taɓo bakin ramin cikawa.