Wai tsoron intanet cuta ce? Muhawarar 'yan gida ɗaya a Katsina

Auta: Assalamu alaikum. Don Allah kowa ya ba ni hankalinsa. Abin da ke damun Hajiya ashe ciwo ne. Na karanta jiya da dare, wai akwai cutar tsoron intanet. Mai ita ba ya son taɓa babbar waya ko kwamfuta, gabansa na faɗuwa in an ce ya tura kuɗi ta waya, kuma gani yake duk wanda ke ciki ɗan damfara ne. Babu wadda Hajiya ba ta da ita a cikin alamomin nan. Ni dai ina ganin a kai ta asibiti.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Ke Auta, wa ya rubuta abin da kika karanta?

Auta: Kawu, ba a sa suna ba. Amma wurare da yawa na gani, kuma duk bakinsu ɗaya.

Kawu: Bakinsu ɗaya ne don wani ya kwafa daga wani. Lokacin da nake koyarwa, in na ga takardu goma da amsa iri ɗaya har da kuskure iri ɗaya, na san yaro ɗaya ne ya yi aikin. Hajiya yayata ce, tare muka tashi a Ƙofar Sauri. Matar da ta riƙe adashin unguwa shekara da shekaru kwabo bai taɓa ɓata ba, ita ce yau za a ce kanta ba daidai ba don ta ƙi waya?

Yaya Likita: Kawu, Allah ya ƙara girma, ku bar ni in sa baki. Auta, littattafai biyu ne likitocin ƙwaƙwalwa ke komawa gare su in za su ce wa abu cuta. Ɗaya na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ne, DSM-5, wanda ya fito a 2013 aka kuma sabunta shi a 2022. Ɗayan na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, ICD-11, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Ki bincika su daga bango zuwa bango, ba za ki tarar da wata cuta mai zaman kanta da ake kira tsoron intanet ba.

Abin da ke ciki shi ne matsanancin tsoron wani abu keɓantacce. A DSM-5 an kasa shi gida-gida: tsoron dabbobi, tsoron abubuwa irin su tsawa da ruwa da wuri mai tsawo, tsoron jini da allura, tsoron wani yanayi kamar shiga jirgin sama ko rufaffen wuri, sai kuma gidan da aka bar wa sauran. Kuma ba a ce wa mutum yana da shi sai an cika sharuɗɗa. Tsoron ya wuce girman haɗarin da ke akwai a zahiri. Ya riƙa taso mashi kusan duk lokacin da ya gamu da abin. Ya daɗe, wata shida ko fiye. Sannan ya kasance yana azabtar da shi ko yana hana shi harkokinsa. To ki auna Hajiya da wannan. Tana barci, tana zuwa kasuwa da biki da ta'aziyya, ƙaramar wayarta na hannunta tana amsa kira. Ta ce ba ta so ne, kuma ta faɗi dalili.

Yaya Babba: Dalilin ma ba ƙarami ba ne. Maƙwabciyarta aka kira aka ce daga banki ne, za a rufe mata asusu in ba ta karanto lambar da aka turo mata ba. Ta karanta. Kafin la'asar an kwashe kuɗin da take tarawa na auren 'yarta. Hajiya ce ta zauna da ita tana lallashi. A kasuwa kuma kullum sai ka ji an yi wa wani alat na bogi an ɗauki kaya. Farkon 2023, da aka canza fasalin kuɗi takardun naira suka yi wuya, tilas aka tura mutane ga tiransifa da masu POS, babu wanda ya zaunar da su ya koya masu. Kuɗi ya fita daga asusunka bai isa inda ka tura ba, ka yi ta sintiri. Wanda ya ga wannan ya ja baya, ni ban ga ciwo a jikinsa ba.

Anti ta Daura: Ni fa ban yarda a share maganar Auta gaba ɗaya ba. Hajiya daban, na yarda. Amma ku zo ajinmu ku gani. Tun 2015 da jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta zalla, kowace shekara sai mun samu yaran da ke da ƙoƙari a takarda amma in an zaunar da su gaban allo sai hannu ya ɗauki rawa. Yawancinsu bayan sati biyu na gwaji sun ware. Akwai wata yarinya kuwa yanzu haka, ita ce ta ɗaya a ajinsu, da ta shiga ɗakin kwamfuta sai gumi ya keto mata, numfashi ya riƙa sarƙewa, ta ce zuciyarta za ta fito. Bara ta fasa zana jarrabawar saboda haka, bana ma ga alama hanyar da za a bi ke nan. Baban yara, wannan fa? Don ba a rubuta sunansa a littafinku ba sai a ce lafiyarta lau?

Yaya Likita: A'a, wannan abin dubawa ne sosai, kuma littafin bai bar ta a waje ba. Abin da kika kwatanta ya haɗa alamun jiki, ya haura shekara, ya kuma ci mata karatu. Mai yiwuwa matsanancin tsoro ne da ya maƙale a kan kwamfuta, sai ya faɗa gidan nan na sauran da na ambata. Mai yiwuwa kuma ba na'urar take tsoro ba, jarrabawar ce, ko idon mutane a kanta in ta yi kuskure, ko wata fargaba da ta riga ta zauna mata tun a gida. Wanda ya zauna da ita ya saurare ta shi zai rarrabe. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko suna daga rubutun da ba shi da mai shi a liƙa wa mutum, domin daga nan an daina tambayar abin da ke damunsa.

Auta: To amma Yaya, ai littattafan nan mutane suka rubuta su, kuma ana ƙara abubuwa. Wa ya sani ko nan gaba a sa shi?

Yaya Likita: Wannan gaskiya kika faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo a ICD-11, abin da babu shi a na baya. DSM-5 kuwa ajiye ta ya yi a sashen abubuwan da ke buƙatar ƙarin bincike. Kin ga ke nan masanan sun duba sha'anin intanet, kuma ko a kan wanda suka fi nazari ba su gama daidaitawa ba. Hanyar shiga ita ce a ga marasa lafiya a asibitoci, a yi nazari, wasu su maimaita su samu abu ɗaya, a yi jayayya shekaru. Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin New York, Ivan Goldberg, da ya ƙirƙiro "cutar jarabar intanet" a 1995 da sigar wasa, yana kwaikwayon yadda ake jera alamomi a DSM. Mutane suka ɗauka da gaske, har suna rubuto mashi cewa suna da ita. Jerin alamomi ba wuyar tsarawa gare shi ba, kuma duk wanda ya karanta sai ya hango wani nasa a ciki.

Kawu: Alhamdu lillahi. Ni abin da ya fi tayar mani da hankali, kalmar nan in ta fita daga gidan nan ba ta dawowa. A garin nan a ce an kai tsohuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa, gobe sai ka ji an ce gidan su wane akwai taɓin hankali. Ga 'yan mata muna da su da ba su yi aure ba.

Yaya Likita: Kawu, ku gafarce ni, a nan kam ba na tare da ku. Na ce kada a kai Hajiya ne don ba ta da abin da za a duba, ba don zuwan abin kunya ba ne. Wannan gudun bakin mutane shi ke sa a ɓoye mai ciwo a ɗaki har abin ya yi nisa. Ƙasar nan ta daɗe tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mai irin wannan lalura haƙƙinsa kamar kowane majiyyaci. In muka riƙe tsohon tunani, yarinyar da aka ba mu labarinta zama za ta yi a gida, alhali matsalarta na cikin waɗanda suka fi jin magani.

Kawu: Na ji ka, ɗana. Doka daban, bakin unguwa daban. Amma ban ce a hana yarinya magani ba.

Auta: Na janye maganar asibiti. Sai dai har yanzu ina ganin Hajiya na cutuwa. Jikokinta na Kaduna sun yi wayo ba ta ga fuskarsu ba sai a hoton da aka wanko, kuma duk wata sai ta aiki yaro da katinta wajen mai POS, ta ba shi lambar sirri. Wannan ai ya fi haɗari.

Yaya Babba: Wannan ta katin gaskiya ce, ni zan riƙa kai ta da kaina. Kiran bidiyo kuma a wayarki za a fara, kina riƙe da ita, in ta ce ya isa ki kashe.

Anti ta Daura: Baban yara, yarinyar nan fa me zan ce wa iyayenta?

Yaya Likita: Ki ce masu abu ne da ake gani a asibiti kuma ana warkewa, galibi ma ba da ƙwaya ba. Sabo ake yi mata sannu a hankali: yau ta zauna kusa da kwamfutar a kashe, in hankalinta ya kwanta gobe ta taɓa madannai, daga baya ta amsa tambaya biyar ba tare da agogo ba. Kada a tura ta da ƙarfi, kada a yi mata a gaban 'yan aji. Su fara kai ta babban asibiti a duba jininta da zuciyarta, domin ƙarancin jini ma na sa bugun zuciya da haki, daga nan a haɗa ta da ɓangaren ƙwaƙwalwa. Kada su jira sai jarrabawa ta ƙarato.