Wace kyamara zan saya wa ƙanina da zai fara hoton biki?

Baban Ummi, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ya gama sakandare, wata shida ke nan yana bin wani mai hoto nan Agege, yana riƙe masa fitila a wurin biki da suna. Yanzu ya tasa ni gaba sai na saya masa tasa. Ni kuwa albasa nake sayarwa a Mile 12, sanina da hoto bai wuce na waya ba. Sabuwa fil a kwali ta fi ƙarfina. Wacce zan nema, kuma a ina?

Mai Hoto, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya bar zumunci. Nemi ta hannu, ba abin kunya ba ne, da ita yawancinmu muka fara. Ni da Canon 600D na soma, ta shekarar 2011. Tsohuwa ce, megafiksel (ma'aunin yawan ɗigon da ke haɗa hoto) 18 kawai, amma allonta yana juyawa, kuma tana da ramin makirfo. Canon 2000D ta 2018 tana da megafiksel 24, amma ba ta da wannan ramin, ga shi yanzu kowace uwar biki bidiyo take tambaya kafin hoto. Kada mai shago ya cika ka da zancen megafiksel. Hoton da zai ƙare a WhatsApp da ɗan albam, 18 ta ishe shi har da saura.

Abin da zan ce ka ware wa kuɗi shi ne gilashin gaban kyamara. Wanda ke zuwa da kyamarar, mai 18-55mm, yana aiki da rana, amma a shiga ɗakin amarya bayan magariba ka ga yadda yake raki. Ka ƙara masa gilashin Canon 50mm f/1.8. Yana cikin mafi araha, yana jan haske sosai, ya fito da fuska tas ya dusashe baya. Wannan hoton ne mata ke biya ba ciniki.

Maman Sadik, Obalende:
Ni Nikon D3500 nake ɗaukar hoton atamfofin da nake sayarwa da ita. Kamfanin ya ce caji ɗaya yana kai hoto kusan 1,550, kuma gaskiya ina manta ranar da na sa ta a wuta. Da halin wutarmu a Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma Yaya, ka fara tambayar yaron wace iri ogansa ke riƙewa. Gilashin Canon ba ya hawa kan Nikon. In iri ɗaya suke, zai riƙa aron kayan ogan.

Ɗan Katsina, Alaba Rago:
Duk sun faɗi gaskiya, saura na inda ake cutar mutum. Na taɓa sayen ta hannu a wani shago, waje sumul, ashe fumfuna ta ci gilashin ta ciki, kamar saƙar gizo-gizo. Danshin garin nan ne ke jawo ta. Cire gilashin, haska shi da tocilan ɗin waya, ka leƙa. Sannan ka sa a nuna maka yawan hoton da kyamarar ta taɓa ɗauka, irin waɗannan ƙananan ana lissafin za su ɗauki wajen 100,000 kafin su gaji. Ka je da katin memori naka, a ɗauka a gabanka. In an kawo ta gida kar a jefa ta ƙasan akwati, a sa ta a roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi na cikin kwalin takalmi.

Baban Ummi, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tambaye shi, Canon ogan nasa ke riƙewa, don haka 600D za mu nema. Ranar Asabar za mu shiga kasuwar Computer Village a Ikeja, kuma ogan ya ce zai raka mu in na biya masa kuɗin mota.