Taƙaitawa: Girman shafin RAM da girman bulo a tsarin fayil

Jama'a, ga abin da na tattaro daga tattaunawar nan da muka yi kan abin da ke faruwa a Linux idan bulon tsarin fayil (wato tsarin da ke shirya fayiloli a diski) ya fi shafin RAM girma.

1. Kowa ya yarda da tushen matsalar. Linux yana ajiye bayanan da ya karanto daga diski a RAM shafi-shafi, kuma a kwamfutocin x86, wato PC na yau da kullum, shafi ɗaya 4KB ne. An gina tsarin ne a kan cewa bulo ɗaya, wato yankin da tsarin fayil yake raba diski da shi, zai shige cikin shafi ɗaya. Shi ya sa tsarin fayil na ext4 mai bulo 64KB yake aiki lafiya a injin da ke da furosesa irin ARM64 ko POWER mai shafin 64KB, amma da ka sa diskin a PC mai tsohon kanel (zuciyar Linux) sai ya ƙi hawa, wato ya ƙi buɗuwa. Bayananka suna nan, karanta su ne ya gagara.

2. Shawarar da ta fi samun goyon baya: in diskin zai riƙa yawo tsakanin injuna, tsaya a bulo 4KB. Duba girman shafinka da umarnin getconf PAGESIZE kafin ka yi mkfs, wato umarnin ƙirƙirar tsarin fayil a diski. Ni ma nan na tsaya.

3. An tuna mana cewa tun Linux 6.12 na 2024, tsarin fayil na XFS yana karɓar bulo da ya fi shafi girma.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce babban bulo yana taimaka wa manyan fayiloli da rumbun bayanai. Wasu kuma suka ce asara ce, domin fayil mai baiti 200 zai cinye 64KB cur. Masu amfani da tsarin fayil na ZFS sun ce abin bai dame su ba, tunda yana da tasa ma'ajiyar a RAM.