PS5 ɗaya ko PS4 uku? Neman shawara kan gidan gem a Gusau

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina shirin buɗe gidan gem a Tudun Wada. Jarin da ke hannuna zai sayi na'urar PlayStation 5 (PS5) ɗaya da babbar talabijin, ko PS4 na hannu guda uku da matsakaitan talabijin. Wasu sun ce kyan hoto ke jan yara, wasu sun ce daɗin wasan ne. Masana, a ba ni haske.

Mai Gyara Samaru:
Wa alaikumus salam. Malam, ɗauki PS4 ukun. Kyan hoto na mako ɗaya ne, ido ya saba. Abin da ke zaunar da yaro a kan benci shi ne ya danna maɓalli ƙwallo ta tashi nan take, ga abokin karawarsa a gefe suna musu. Na'urar gem ta Wii da ta fito a 2006 ko hoton HD ba ta da shi, amma an sayar da sama da miliyan 100, PS3 mai ƙarfin kuwa ta tsaya wajen miliyan 87.

Inda na'ura ke da tasiri shi ne tsakanin yatsa da allo. Wasan ƙwallo na tafiya da hoto 60 a daƙiƙa ɗaya. Talabijin da yawa sai sun gyaggyara hoton kafin su nuna, sai ɗan wasa ya riƙa juyawa a makare, yaro ya ce hannun gem ɗin (abin da ake dannawa) ya lalace alhali lafiyarsa lau. Shiga saitin hoto ka kunna Game Mode, ka kashe duk abin da ke sulɓanta motsi. Kafin ka biya kuɗin talabijin ka tabbata tana da shi. Inci 32 ya wadatar.

Sai hannu. Sandar analog ce ke fara mutuwa: ƙura na shiga, abin da ke auna motsi a ciki ya cinye, ɗan wasa ya riƙa tafiya ba a taɓa shi ba. Kowace na'ura ka tanadar mata hannu uku, ɗaya na caji kullum.

Injiniyan Sola K/Namoda:
Na goyi bayan oga, amma a duba wuta. PS5 na jan kusan wat 200 ana cikin wasa, PS4 Slim ba ta kai 100 ba. In da inbata za ka yi aiki, ka haɗa lissafin da talabijin da fanka. Kada ka jona kai tsaye a janareta, sa UPS (na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke) a tsakani, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiye wasa na ɓata bayanan da ke cikin na'urar.

Zafin Maris da Afrilu na wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu kafin nan. Kada a kulle na'ura cikin akwatin katako don tsoron ɓarayi. Keji na ƙarfe mai raga ya fi, a bar taƙi ɗaya ta baya. In ka ji fankarta na kuka kamar injin niƙa, lokacin buɗewa ya yi: a kaɗe ƙura, a sabunta man sanyaya da ke kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar.

Abu Mafara:
Ɗan'uwa, kada dai ka manta PS4 tun 2013 take. Wasan ƙwallo na FC 25 ya fito a kanta, amma wasan GTA VI an sanar da shi ne don PS5 da sabbin Xbox kawai. Manyan samari masu iya biyan kuɗi da tsoka sabo suke nema. Fara da ukun, ka riƙa ware wani abu daga ciniki don PS5, ka sa mata farashinta daban.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Wajen sayen PS4 na hannun, me zan duba?

Mai Gyara Samaru:
Duba tambarin baya ko an taɓa buɗe ta. Ka sa a kunna wasa mai nauyi na rabin awa a gabanka, kana sauraron fanka. Sannan ka ɗan girgiza wayar HDMI, mai kai hoto talabijin, a bakin raminta. In hoto ya ɗauke, bar ta.